Lamba Goma Da Sunanka: Kira Ga Mutanen Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Sheme ko ta 'Yankara da kaka a 'yan shekarun nan ya san yadda ciniki yake ƙarewa yanzu. An auna masara, an ɗinke buhu, an sallama, sai mai saye ya zaro waya ya ce, "Baba, kawo akawun." A nan za ka ga dattijon da ya fi kowa sanin ƙasa da iri da lokacin shuka ya fara waige-waige, yana neman ɗansa, ko dillali, ko yaron nan da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Lamba goma ake nema, kuma sau da yawa wadda za a karanto ba tasa ba ce. Wahalar damina guda, da kuɗin taki, da kasadar fita gona a lokacin da fita gona ta zama sayar da rai, duk sai su shige asusun wani. Shi kuwa ya koma gida da alkawarin cewa gobe za a ciro masa.

Ra'ayina a kan wannan ba mai tsawo ba ne. Duk baligi a ƙananan hukumomin nan uku, namiji ko mace, ya kamata ya mallaki asusu da sunansa, ya haddace lambarsa, ya kuma san wace lamba ake bayarwa da wadda ba a bayarwa ko da wuƙa a wuya. Wannan ilimi ya tashi daga na 'yan boko da ma'aikatan gwamnati. Ya zama ilimin tsare dukiya, kuma rashinsa yana cin talakawanmu a kullum ba tare da an ji ƙara ba.

Ba da son ranmu muka shiga wannan zamani ba, tura mu aka yi. Abu na farko da ya tura mu shi ne hanya. Yankin da a daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, yankin da a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ta ce a zaga ta Funtua, ba wurin da mai hankali zai ɗaura kuɗin shanu a ƙugu ya hau mota ba ne. Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa tana kallon dajin Birnin Gwari. Fatake da 'yan awo da masu sayen waken suya suka gane cewa kuɗin da ke cikin waya ba sa kumbura aljihu.

Abu na biyu shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Fabrairu 2023 takardar kuɗi ta zama abin nema da fitila. Manoma sun sayar da hatsi da dabbobi a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba a hannu, masu POS suna yankar kaso mai tsoka kafin su ba mutum kuɗinsa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Wannan wata biyu ya koya wa mai shayi da mai ƙosai da mai nama karɓar taransifa. Sai dai an koyi danna waya, ba a koyi ma'anar abin da ake dannawa ba.

To mene ne cikin lambar nan? Kafin 2011 kowane banki da irin tasa lambar, wata doguwa, wata gajera. Babban Banki ya fito da tsari guda da ake kira NUBAN, ya ce daga watan Yuni 2011 kowane asusu a ƙasar nan lamba goma zai zama. Tara na farko su ne lambar da banki ya ba mai asusu. Ta goma kuwa ba haka kawai ake ɗora ta ba, lissafa ta ake yi. Kowane banki yana da lambar shaida tasa: First Bank 011, UBA 033, Access 044, Zenith 057, GTBank 058, Jaiz 301. Ana jera lambar bankin da lambobi taran nan, a ninka su da uku da bakwai bisa wani tsari, a haɗa jimla, abin da ya rage a cika goma shi ne lambar ƙarshe. Amfanin wannan lissafi babba ne: idan mutum ya kuskure lamba ɗaya wajen rubutawa, lissafin ba zai daidaita ba, na'ura za ta ƙi karɓa.

Sai dai lissafin bai hana lamba goma iri ɗaya ta kasance a banki biyu ko uku ba, kowace da mai ita daban. Shi ya sa lambar asusu ita kaɗai rabin bayani ce. A ɗauka banki gari ne, lambar asusu kuma gida ne a cikin garin, lambar sirri ita ce makullin ƙofa. Wanda zai aiko maka saƙo dole ya san garin, ya san gidan. Ba ruwansa da makulli. Wanda ya kuskure gari kuwa, ko da ya riƙe lambar gida daidai, ƙofar wani zai ƙwanƙwasa.

Wannan lambar gari ita ce 'yan uwanmu da ke ƙetare kan tambaya har a rikice. A Amurka kowane banki yana da lamba tara da ke nuna inda kuɗi za su bi, tsarin da ƙungiyar bankunan ƙasar ta fara tun 1910. A Ingila lamba shida ce ke nuna banki da reshe, ta asusu kuma takwas. Idan kuɗi za su tsallaka ƙasa, ana amfani da shaidar SWIFT mai haruffa takwas ko sha ɗaya, wadda kowane babban banki yake da tasa. Mu a nan gida ba ma rubuta lambar banki da hannu, domin lokacin da ka zaɓi sunan banki a waya, lambar ka zaɓa. Daga nan saƙon ya bi ta NIBSS, cibiyar da ke sada bankunan ƙasar nan da juna, ya isa cikin daƙiƙoƙi. Wannan sauri shi ne daɗin abin, shi ne kuma haɗarinsa, don kuɗin da suka tafi ba sa jiran mutum ya sake tunani.

Akwai wani abu da ya kamata mutanen karkara su lura da shi game da asusun waya irin na OPay da PalmPay. A irin waɗannan, lambar asusun mutum ita ce lambar wayarsa idan an cire sifilin farko. Sauƙin haddacewa ne, gaskiya. Amma lambar waya ba ta da wancan lissafi na lamba ta goma. Idan ka sa bakwai a gurbin ɗaya, abu ne mai yiwuwa ka faɗa kan layin wani bawan Allah a Aba ko Ibadan wanda shi ma yana da asusu. Ga kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfanin waya na iya karɓewa ya sayar wa wani. Wanda wayarsa ta ɓace a gudun hijira, ko aka ƙwace a hanya, kada ya ce ai tsohon layi ne ya bar shi. Ya je ya dawo da shi, ko ya sanar da bankinsa a cire shi daga asusu, domin duk wanda ya riƙe layin yana iya ganin saƙonnin kuɗinsa.

Kariya mafi girma a nan kyauta ce, kuma kowa yana tsallake ta saboda gaggawa. Kafin kuɗi su fita, waya ko na'ura tana nuna sunan mai asusun. A karanta shi da ƙarfi, mai karɓa ya ji, ya ce shi ne. Idan mai shago Musa ne, suna ya fito na wata mace, a tsaya a tambaya. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa a karanta masa, ba abin kunya ba ne. Mai sayarwa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa rasit a fuskar waya, ko don saƙon alat ya shigo. Ana ƙera rasit, ana ƙera alat na bogi. Abin da ba a ƙerawa shi ne jimlar da ke cikin asusu. A duba ta, a ga ta ƙaru, sannan a ɗora buhu a mota.

Lambar asusu da sunan banki, waɗannan a ba kowa, ba a satar kuɗi da su kaɗai. Abin da ba a bayarwa shi ne lambar sirri ta kati ko ta waya, da lambobin da ke jikin katin ATM gaba da baya, da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo lokacin da ake ƙoƙarin cire kuɗi. BVN, mai lamba goma sha ɗaya, wadda aka fara a watan Fabrairu 2014, ita ce ta ɗaure duk asusun mutum da yatsunsa da fuskarsa. Ita da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, a banki ake ba da su, ko wurin rajistar da aka tabbatar, ba ga muryar da ta kira a waya ba. 'Yan damfara sun iya Hausa yanzu. Suna sallama, suna kiran mutum da cikakken sunansa, su ce daga banki ne za a rufe asusu, ko an saka sunansa a tallafi. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya rantse da abin da zai rantse. Haka nan al'adar miƙa wa mai POS kati a faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a ya danna, ko rubuta ta a takarda a naɗe tare da katin, ya kamata a daina. Mutum ya koyi danna lamba huɗu da yatsansa, abin bai kai lissafin awo wuya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato asusun aro. Mun mayar da shi kamar aron fartanya, alhali dukiya ce da shari'a a ciki. Banki da kotu ba su san "kuɗina ne na ajiye a wurinsa" ba. Sunan da ke kan asusu shi ne mai kuɗi. Idan dillalin da ake tara kuɗin mutum goma a wurinsa ya rasu, banki zai rufe asusun sai magada sun kawo takardar kotu, kuma abin da ke ciki gado za a ɗauke shi. Wanda ba shi da shaida ya shiga uku, zumunci kuma ya lalace a kan abin da ba wanda ya yi niyyar cuta. Idan ana bin mai asusun bashi, banki na iya cirewa daga kuɗin da ba nasa ba. Addininmu da ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu bai bar mu da uzurin irin wannan sakaci ba.

Mata su ne suka fi cutuwa. Mace tana kiwon awaki, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana adashi, amma duk abin da ya shigo ta wayar miji ko ƙane ko ɗa yake bi. Da yawa suna riƙe amana, Allah ya saka musu. Wasu kuwa sai su ce sabis ne babu, ko kuɗin sun maƙale, har maganar ta bi ruwa. Musulunci ya ba mace ikon mallakar dukiyarta, sadakinta da gadonta da ribar sana'arta. A yau cikar wannan iko shi ne asusu da sunanta. A yankin da rashin tsaro ya bar zawarawa da marayu masu yawa, maigidan da ya buɗe wa matarsa asusu ya koya mata amfani da shi ya yi mata tanadin da zai amfane ta ko yana raye ko ba ya nan.

Wanda ke ba da aron ma yana cikin haɗari, kuma a yankinmu haɗarin ya fi na ko'ina. Saurayi ya ce wa abokinsa, "Za a turo min wasu kuɗi, ba ni akawun ɗinka," shi kuwa ya bayar don kara. Idan kuɗin fansa ne, ko na shanun sata, ko na damfara, sunan da jami'an tsaro da EFCC za su gani nasa ne, BVN tasa ce, hotonsa ne. Kafin ya wanke kansa ya sha wuya, in ma ya wanku. Masu POS su ma su sani cewa karɓar manyan kuɗi daga wanda ba su sani ba, a miƙa wa wanda ba su sani ba, ba tare da rubuta komai ba, kasada ce da ribar caji ba za ta biya ba.

Ga wani misali da ya nuna amfanin suna. Ranar 3 ga Yuni 2024 Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda a shekarar ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5, ta bi BVN ta gano asusun da mutane ke da shi a wasu bankuna ta zuba musu kuɗinsu. Mai suna a kan asusu aka biya. Wanda ya ajiye a asusun wani ba ya cikin lissafi. Haka shirye-shiryen rancen noma da tallafin gwamnati, tun daga shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, duk asusu da BVN suke nema. Inda manomi ba shi da su, wani ne ke tsayawa a madadinsa, kuma mun san yadda irin wannan tsayuwa take ƙarewa.

Na san abin da za a ce, kuma masu faɗa suna da hujja. Za a tuna mini watan Satumba 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni mai kuɗi a banki ba shi da maraba da wanda ba shi da ko sisi sai ya yi tafiya ya nemo sabis. Za a ce rassan banki sun yi ƙaranci, ƙaramar matsala sai an hau mota zuwa Funtua ko Malumfashi a kan hanyar da ba a aminta da ita ba, a yini a layi. Za a kawo cajin da ake yanka nan da can. Wasu kuma tsoron riba ne ya hana su. Ban ce a zuba komai a waya ba. Hatsi a rumbu da dabba a turke suna nan da matsayinsu, kuma hikima ce a raba ƙafa. Maganar riba kuwa, tun 2012 Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba, TAJBank ya biyo baya a 2019. Amma a lura da abu guda: duk waɗannan matsaloli suna samun mai asusun aro kamar yadda suke samun mai nasa, sai dai shi an ƙara masa da matsalar amana. Tunda kuɗin ta waya za su bi ko mun so ko mun ƙi, gara su bi da sunan mai su.

Wanda zai buɗe asusu ya tambayi matakinsa. Asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti kaɗan, yana da iyaka, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Manomin da zai sayar da buhunan masara ko bijimi ya ɗaga matakin asusunsa tun kafin kaka, kada ranar ciniki kuɗi su ƙi shiga ko su maƙale. Ya tabbata sunan da ke kan BVN da na NIN iri ɗaya ne, domin Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya tsayar da mutum wata guda. Idan kuma kuskure ya auku, an tura wa wanda ba shi ba, ko an cire ba su shiga ba, kada a yar da rasit. A jikinsa akwai wata doguwar lamba mai lambobi 30 da ake bin sawun kuɗin da ita. A kai ƙara bankin da aka tura daga cikinsa a ranar, a karɓi shaidar an kai. Banki ba zai ɗebo kuɗi daga asusun wani haka kawai ba, sai da yardarsa ko umarnin kotu, don haka jinkiri yana ba mai mugun nufi damar kwashewa. Idan mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake kai kuka.

Saura tambayar wa zai koyar. Duk abin da na zayyana ba ya cin awa guda a bakin wanda ya sani. Limamin Juma'a da ya yi huɗuba a kan amana zai iya ƙarawa da hukuncin aron asusu da cin kuɗin da suka shigo bisa kuskure, domin wanda kuɗin wani suka faɗo masa ya kashe, haram ya ci, ba rabo ba. Malaman Islamiyyar matan aure su ware darasi ɗaya. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan hatsi da na 'yan kara su kafa doka cewa ba a ɗaga kaya sai an karanta suna an ga kuɗi. Ƙungiyar masu POS ta hana 'ya'yanta karɓar lambar sirrin kowa. Bankuna da kamfanonin da ke cin riba da mutanenmu su sa Hausa a saƙonninsu da na'urorinsu, su turo ma'aikata ranakun kasuwa a yi wa mutane BVN da gyaran suna a garuruwansu. Shugabannin ƙananan hukumomin uku, da ɗan majalisar tarayya da ke wakiltarsu a kujera guda, da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, su matsa a kawo wuraren rajistar NIN kusa, a gyara turakun sabis da suka lalace, a kuma sa maganar rassan banki cikin maganar dawo da zaman lafiya.

Kafin su motsa, kowane gida yana da abin da zai iya a wannan makon. Duk ɗalibi ko malami ko ma'aikacin da ya karanta wannan, ya zauna da mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya tambaye su ta asusun wa kuɗinsu ke bi. In ba nasu ba ne, ya raka su a buɗe musu. Ya rubuta musu lambar asusu da sunan banki a takarda su adana, ya koya musu danna lambar sirri da hannunsu, shi ma kada ya nemi sanin ta. Mutanen da suka jure noma a ƙarƙashin barazanar bindiga sun cancanci abin da suka noma ya isa hannunsu cikakke, kuma mu 'ya'yansu da suka sa a makaranta mu ne bashin wannan aiki yake kanmu.